BAHAGUWAR FILINGE

Shafi na 31

Na ga saƙonninku, har da na masu cewa za su biyo ni gida da sanda in ban turo ba. Ku ajiye sandunan, ga ni. Mai tukunya a wuta ta sauke tukuna, kada a ce ni na ƙona miya.

*

Tun kafin a kira la'asar tsakar gidan Malam Manzo ta cika, har wasu sun ɗare katanga. An fito da tele ƙarƙashin rumfa, an jona ta da batirin hasken rana. Yau 'yan matan ƙasa ke buga wasan kusa da na ƙarshe na ƙwallon kwando a Yamai, da baƙin da suka zo daga wata ƙasar bakin teku. Haske, autar gidan, tana cikin masu sanye da rigar ƙasa.

Mutum ɗaya ce ta ba tele baya.

Sa'adiyya, uwar Haske, tana zaune bakin madafa da tire a cinya, tana tsince zogalen da za ta yi kwaɗon kopto da shi, kamar ba ita ta haifi wadda gari ya taru dominta ba.

Ummul maƙwabciyarta ta leƙo.

"Uwar Haske, wai ke wace iri ce? Filinge duka ta zo kallon ɗiyarki, ke kina nan kina hira da ganye?"

"Ni mi na sani ga ƙwallo? Ku kalla, ku ba ni labari."

Amsarta ke nan tun ranar da Haske ta fara dawowa daga makarantar sakandare ta lise da ƙurar filin ƙwallo har gira. Ta hana, ta yi faɗa, ta ɓoye takalma. Da aka kira yarinyar Yamai, Malam Manzo ne ya ce a bar ta ta tafi. Tun daga nan, in Haske ta zo hutu, sukan yi hirar komai da uwarta ban da ƙwallo.

Iya Tabawa, mahaifiyar Malam Manzo, tun safe ta iso daga ƙauyensu na bayan Tabla. Ta kame tabarmar gaba, hancinta ya kusa taɓa gilashin tele.

"Ku kwantar da hankalinku," in ji ta. "Na gama da su tun shekaranjiya. Jan zakara na kai gindin gawon gidanmu."

Malam Manzo ya yi gyaran murya.

"Iya, don Allah, gaban mutane."

"Kai ka yi addu'arka, ni na yi tawa hidima. In anka ci, sai mu raba godiyar."

Aka fashe da dariya, har da shi.

Aka busa. Mai sharhi ya fara zuba, yana haɗa Faransanci da Hausa. Ya ce 'yan matanmu ba su taɓa tsallake wannan mataki ba. Ya ce a can baya in an fita da su waje, sai dai a je a kwaso kashi a dawo.

Hannun Sa'adiyya ya tsaya cikin zogale. Can ta ci gaba.

Ba ta kallo, amma kunne ba ya rufuwa. Tana jin kukan takalma bisa daɓen fili, ƙii, ƙii, da dukan ƙwallo, dum, dum. Tun kafin mutane su yi "wayyo", ita ta riga ta san an zuba wa 'yan gida. Aka je hutun rabin lokaci baƙi na gaba da maki goma sha ɗaya. Gidan ya yi sanyi. Masu katanga suka fara sauka.

"Iya, anya zakaran nan lahiyayye ne?" wani ya tambaya.

"Ubanka ne ba lahiyayye ba," in ji Iya Tabawa.

Da aka dawo, sai Ummul ta daka tsalle.

"Ga ta nan! An saka Haske! Uwar Haske, ki waiga ko sau guda!"

Ba ta yi niyya ba. Wuyanta ne ya juya da kansa.

Ga Haske ta cika gilashi, doguwa siririya, da ɗan baƙin hijabinta na wasa da dogon wando a ƙarƙashin riga. Ta sunkuya, ta shafa tafin hannu a ƙasan takalmi, ta miƙe.

Sa'adiyya ta ƙura mata ido. Wa ya koya mata wannan?

Ta ce a ranta, minti ɗaya kawai zan duba.

Wata ƙatuwa cikin baƙin ta karɓi ƙwallo, ta kutsa, ta jefa, ta shiga. Mutanen gida suka yi tsaki.

"Marshe!"

Muryar ta tsaga gidan. Kowa ya waiga.

Sa'adiyya ce tsaye, tire a hannu.

"Tahiya ta yi da ƙwallo! Taku uku! Wanga alƙali barci shikai ko mi?"

Tele ta maimaita wurin a hankali. Ɗaya, biyu, uku. Mai sharhi ya ce lallai an cuci 'yan gida.

Ummul ta saki baki.

"Uwar Haske?"

"Matsa, kin tare mini."

Ta ratsa tabarmi ta tsaya bayan Iya Tabawa. Malam Manzo ya sunkuyar da kai, yana jan tasbaha, kafaɗunsa na rawa. Dariya yake dannewa.

"Ku bar bin ta waje! Ba ta iya jiha daga nesa! Ku cushe ƙarƙashin kwando, ku bar ta ta jeha!"

Ƙatuwar ta jefa daga nesa. Ƙwallo ta daki baki ta fito. Haske ta cafe ta a sama, ta wurga wa abokiyar wasanta, aka zuba.

Gida ya ɗauka.

"Haka! Haka nika so!"

Aka rage zuwa tara. Aka rage zuwa shida. Masu katanga suka sake hawa. Sai baƙi suka farfaɗo, suka zuba biyu a jere, 'yan gida suka fara haki suna kallon juna.

Sa'adiyya ta buga ƙafa.

"Mariama, nemi hutu! Yaran ga sun gaji! Ke Mariama, nemi hutu mana!"

Ko rufe baki ba ta yi ba, sai ga Madam Mariama, mai horar da 'yan matan, ta ɗaga hannu ta nemi hutu.

Iya Tabawa ta dafe ƙirji.

"Ta ji ta! Wallahi ta ji ta daga nan!"

"Wace Mariama?" in ji Ummul. "Madam ɗin kike kira haka, gatsau, kamar kun yi tallan goro tare?"

Sa'adiyya ta ƙara matsawa gaba. Idonta na kan agogon da ke kusurwar gilashi.

Wasa ya zo ƙarshe, baƙi na gaba da maki ɗaya tak. Saura abin da bai fi numfashi biyar ba, ƙwallo a hannun 'yan gida. Babu mai tari a gidan Malam Manzo. Tasbaharsa ta tsaya. Iya Tabawa ta kama zanen Ummul ta murɗe.

Aka ba Haske.

Mai tsaronta ta tare dama, ta buɗe hannuwa, ta toshe hanya.

"Hagu," in ji Sa'adiyya a hankali.

Haske ta yi kamar za ta dama.

"Hagu! Hagu, ɗiyar nan! HAGU!"

Haske ta sauya hannu, ta sulale ta hagu kamar ruwa, ta tashi sama. Ƙatuwar ta taso mata. Ta lanƙwasa a iska, ta saki ƙwallo da hannun hagu. Ta daki allo, ta zagaya baki, ta yi kamar tana shawara.

Ta faɗa.

Aka busa tashi.

Jama'a, abin da ya faru a gidan nan ba ya rubutuwa. Tire ya yi sama, zogale ya zubo wa mutane kamar ruwan damina. Wani ya faɗo daga katanga bai ma ji zafi ba. Guɗa ta tashi daga gidan, ta gidan baya ta amsa, ta unguwar kasuwa ta karɓa. 'Yan kabu-kabu suka cika titi da oda. Malam Manzo, dattijon da ko a bikin ɗansa na fari bai taka ba, sai ga shi ya jefa hula sama yana juyi. Iya Tabawa ta ɗaure gyale a ƙugu tana taka rawar mutanen Kurfai, tana kirari.

"Jan zakara! Na hwaɗa muku! Jan zakara!"

Sa'adiyya kuwa ta rungume Ummul har ta ɗaga ta daga ƙasa, tana dariya, hawaye na bin kumatunta.

"Sauke ni za ki karya ni!" in ji Ummul.

Da ta dire ta, Ummul ta gyara ɗankwali, ta riƙe ƙugu.

"To. Yanzu sai ki hwaɗa muna. Ke da ba ki san komi ba ga ƙwallo, ina kika samo marshe?"

"Ji nika yi ana hwaɗi."

"Wurin wa? Wurin zogale?"

"Ummul, ki bar ni in ji da murnata."

"Ku yi shiru!" wani ya yi tsawa. "Madam za ta magana!"

A tele, ɗan jarida ya tare Madam Mariama. Gumi ya jiƙa ta sharkaf, ta riƙo Haske a kafaɗa. Ta yi 'yan kalmomi da Faransanci, sannan ta karɓe abin magana daga hannunsa.

"Bari in yi da Hausa, don wadda nike so ta ji, ta ji."

Sa'adiyya ta girgiza kai.

"Kada ki yi, Mariama," ta faɗa ƙasa-ƙasa. "Kin yi mini alkawari."

"Na ji ana cewa a da sai dai mu je mu kwaso kashi," in ji Madam Mariama. "Gaskiya ne. Ina cikin waɗanda suka kwaso. Muna 'yan mata aka kai mu wata ƙasa, da takalman yadi, ba mu taɓa taka daɓen katako ba. Kowane wasa aka cinye mu. Amma akwai wadda ba ta taɓa sunkuyar da kai ba. Fiye da rabin makin da muka ci a tafiyar nan, ita kaɗai ta zuba su, da hannun hagu. Muna ce mata Sa'a Bahaguwa."

Madam ta ci gaba.

"Ranar da na fara ganin yarinyar nan ta tashi sama, jikina ya mutu. Na ce ke, yaya sunan uwarki? Da ta faɗa, sai na shiga ɗaki na yi kuka. Na nemi uwar a waya, ta roƙe ni in yi shiru, na yi. To yau na gaji. Sa'a, na san kina Filinge, na san kina kallo, ko kin rantse ba ki kallo. Ki yafe mini. Wannan nasara taki ce."

Kamara ta koma kan Haske.

Yarinyar ta saki baki, tana kallon Madam kamar ba ta jin Hausa.

"Inna ta?" aka ji ta ce. "Inna ta ni?"

Sai aka sako talla.

A tsakar gida, idanu suka juyo wuri ɗaya. Sa'adiyya ta nemi inda za ta shige, babu. Ta zauna kan turmi, ta rufe fuska da gefen mayafi.

Iya Tabawa ce ta fara magana, kuma ɗanta ta tasa a gaba.

"Manzo."

"Na'am, Iya."

"Ka sani?"

Ya sosa ƙeya.

"Iya, a bakin filin na fara ganin ta. Lokacin ina karatun likitan dabbobi a Yamai. Kullum sai in bi ta nan in ce hanya ce."

"Hanya ce?"

"Ba hanya ba ce, Iya. Zagaye ne mai nisa."

Aka kwashe da dariya. Sa'adiyya ma sai da kafaɗarta ta motsa a cikin mayafi.

Ummul ta durƙusa gabanta, ta janye mayafin.

"Haba Sa'a. Abin alfahari irin wanga, ki binne shi shekara da shekaru? Don mi?"

Sa'adiyya ta share ido. Muryarta ta dushe saboda ihu.

"Alfahari yau ne, Ummul. Ran nan ba haka shike ba. Munka sauka jirgi, ko mai cewa sannu babu. A rediyo anka maishe mu abin dariya. In na hito ɗebo ruwa, yaran unguwa su bi ni suna waƙar yawan makin da anka zuba muna. Ƙawayena sunka daina biyo mini. Babana ya ce ya isa haka, na ja mishi magana. Ni kaina na ji ya isa. Da Malam ya zo da zancen aure, na ce sharaɗi guda, ka kai ni garinku inda ba wanda ya san ni, kuma kada ka sake ka tada zancen."

"Ban tada ba," in ji Malam Manzo. "Allah shina gani, ya ci ni ƙwarai, amma ban tada ba."

"Shi ya sa kika hana Haske?" in ji Ummul.

"Tsoro nika ji. Na ce za su ɗaga ta sama, ran da anka cinye su, su sako ta. Ni na san yadda ƙasa take da tauri."

Iya Tabawa ta taso da sandarta, ta tsaya kan surukarta. Sa'adiyya ta sunkuyar da kai tana jiran faɗa.

"Ɗago ki dube ni."

Ta ɗago.

"Wato gado ne."

"Iya, ki gahwarce ni."

"Gado ne, kina sane, kika bar ni ina ta ƙarar da zakaruna? Kin san nawa na yanka tun da yarinyar ga ta tahi Yamai? Kaji na sun zama zawarawa!"

Dariya ta sake ɓarkewa, wannan karon har da masu riƙe ciki. Tsohuwa ta kamo hannun hagun Sa'adiyya, ta juya shi, ta duba tafin, ta ɗaga shi sama.

"Ku yi mata guɗa! Ku yi wa hannun ga guɗa! Shekara nawa shina tuƙa mini tuwo ban san ko na wane ne ba!"

Mata suka saki guɗa. Wata ta kife ƙwarya cikin ruwa ta fara kiɗa. Aka ja Sa'adiyya tsakiya, tana tirjewa tana dariya, 'yan mata na tafi suna rera, "Sa'a Bahaguwa! Sa'a Bahaguwa!" Sunan da ta yi zaton ya mutu, ga shi a bakin yaran da ba a haifi iyayen wasunsu ba lokacin. Ta ji wani abu da ya daɗe tokare da ƙirjinta ya sauka. Ta ɗaga hannu biyu, ta taka.

Ana cikin haka wayar Malam Manzo ta yi ƙara. Ya duba, ya ɗaga hannu.

"Haske ce!"

Kiɗa ya tsaya. Ya danna yadda kowa zai ji.

"Auta! Allah shi yi miki albarka! Garin ga duka..."

"Amin, Baba. Ba ni Inna."

Muryar ba ta yi kama da ta wadda ta ci wasa ba. Sa'adiyya ta karɓi wayar da hannu biyu.

"Haske. Sannu da ƙoƙari, ɗiyata."

"Kin kalla?"

"Na kalla."

"Tun daga hwarko?"

"Daga inda anka saka ki."

Ana jin hayaniyar fili daga can nesa.

"Inna, gaskiya ne abin da Madam ta ce?"

"Gaskiya ne."

"Ranar da na zo miki ina kuka, na ce ban iya shiga ta hagu, kowa na tare ni. Kin tuna mi kika ce mini?"

Sa'adiyya ta rufe ido.

"Na ce ki je ki wanke tukwane."

"Kin san amsa, Inna. Tana bakinki. Kika ce in wanke tukwane."

"Haske, ki saurare ni..."

"Ba hushi nikai ba. Wallahi tun ɗazu dariya nikai ina kuka, 'yan uwana na cewa na zauce. Ashe ni ɗiyar wata ce! Amma ki ji. Gobe ne wasan ƙarshe. Kin san da wa munka haɗu?"

"Ban sani ba."

"Ƙasar da kunka je. Su da sunka yi muku wancan cin. Yanzu sunka hidda abokan karawarsu."

Sa'adiyya ta ƙara damƙe wayar.

"Madam ta ajiye miki kujera bayan bencinmu. Motar asuba za ki shigo."

"A'a. A'a, Haske. Ni ban iya shiga wurin nan. Daga nan ma ina ganin ki sarai. Zan zauna gaba, kusa da Iya, in..."

"Ni ba ni ganin ki."

"Ki yi haƙuri. Ƙahwata ba ta iya taka hilin nan kuma. Ba ki san..."

"To ni ma tawa ba ta takawa."

"Mi kika ce?"

"Inna, ga Baba shina ji, ga Kaka tana ji. Wallahi tallahi, in na hito gobe na duba bayan benci ban ga huskarki ba, ba ni sa rigar nan."

"Haske! Kada ki rantse! Haske!"

Ƙit. Ta kashe.

Sa'adiyya ta kira. A kashe. Ta sake kira. A kashe.

Babu wanda ya motsa. Mai ƙwarya ta tsaya da hannu a sama.

Malam Manzo ya matso, ya yi magana a hankali.

"Ta rantse, Sa'a. Kuma kin san halin ɗiyarki. Wurinki ta ɗauko shi."

Sa'adiyya ta juyo. Ta miƙa masa wayar. Ta dubi Iya Tabawa, ta dubi Ummul, ta dubi taron da ke jiran bakinta. Sannan ta ratsa su, ta shige ɗakinta, ta turo ƙofa.

Suka ji ta sa sakata.

"Uwar Haske?" Ummul ta ƙwanƙwasa. "Sa'a? Za ki ko ba za ki?"

Shiru.

Malam Manzo ya kara kunne jikin ƙofa.

Can sai ga wata ƙara daga ciki, ƙiiiii, ana jan ƙarfe bisa siminti. Ya ɗago da sauri, ya dubi mahaifiyarsa.

"Minene?" in ji Iya Tabawa.

"Akwatin ƙarƙashin gado," ya ce. "Da shi ta zo gidan ga, Iya. Ko ni ban taɓa ganin cikinshi ba."